Awo ya sauka, ƙafa ta kumbura: a daina amlodipine ne ko a canza?

Ɗan_Bolari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga ma'aikatan lafiyar da ke cikin zauren nan ce. A nan Gombe, da wuya ka buɗe ledar maganin mai hawan jini ba ka ga amlodipine a ciki ba. Me ya sa shi ɗin? Sannan ga babbar tambayar: mutum yana shan 10mg kullum, awo ya dawo 128/82, amma da yamma idon sawu yana kumbura har takalmi ya matse. Wasu sun ce ƙoda ce ta taɓu. Wasu sun ce tunda awo ya daidaita ai an warke, a ajiye maganin. Wasu kuma sun ce a je kemis a sayi Lasix ya zuƙe ruwan. Wanne ne daidai?

Likitan_Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Bolari, cikin ukun nan babu wadda za a kama hannu bibbiyu. Bari in fara da kumburin.

Amlodipine yana buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, amma bai buɗe waɗanda ke dawo da shi ba. Sai matsi ya ƙaru a 'yan mitsi-mitsin jijiyoyin da ke tsakani, ruwa ya riƙa tsatsafowa ya taru a idon sawu. Ka ga ba wai ruwa ya yi wa jiki yawa ba ne, wuri ya canza. Shi ya sa Lasix ba ya yin wani abin kirki a nan. Zai sa fitsari, ya janyo jiri da ƙarancin sinadarai, kumburin kuma yana nan.

Kumburin amlodipine yana da kamanninsa: ƙafa biyu ne, ya fi yawa da yamma, da safe ya saɓe, ya fi zuwa a 10mg fiye da 5mg, ya fi kama mata, kuma zafin gari da doguwar tsayuwa suna ƙara shi. In kuwa ƙafa ɗaya ce kawai kuma tana ciwo, ko akwai haki in an kwanta, ko fuska na kumbura da safe, ko fitsari na kumfa, to a daina zargin magani, a zo a duba zuciya da ƙoda.

Abin da aka fi yi shi ne a mayar da amlodipine 5mg, a haɗa masa losartan 50mg ko wani ɗan gidansu. Su suna buɗe ɓangaren da jini ke dawowa, sai kumburin ya ragu, awo kuma bai tashi ba. Amma likitan da ke ganin mutumin ne zai yi wannan canjin bayan gwajin jini.

Famasis_Pantami:
Ƙari a kan bayanin Likita, game da "me ya sa shi ɗin". Dalili uku ne. Sau ɗaya ake shansa a rana, yana daɗewa a jini sosai, rabin abin da aka sha sai ya kai awa 30 zuwa 50 kafin ya fita. Ba dole sai an yi gwajin jini kafin a fara shi ba, wanda hakan babban sauƙi ne a ƙananan asibitocin Nafada ko Dukku. Na uku, a jikin baƙar fata ya fi lisinopril shi kaɗai saukar da jini.

Akwai binciken da aka buga a 2019 mai suna CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida. An gwada haɗi uku: amlodipine da hydrochlorothiazide (maganin hawan jini mai sa fitsari), amlodipine da perindopril, sai perindopril da hydrochlorothiazide. Haɗi biyun da ke da amlodipine a ciki su suka fi saukar da jini bayan wata shida.

Tsanin da aka tsara wa ƙananan asibitoci a ƙasar nan ma da shi ya fara: amlodipine 5mg, in bayan wata ɗaya awo yana 140/90 ko sama, a ƙara losartan 50mg, in bai isa ba a ninka su, 10mg da 100mg, sannan a ƙara hydrochlorothiazide, in duk da haka ya ƙi, a tura babban asibiti.

Maman_Iman_Kumo:
Jazakumullahu khairan. To amma ba ku taɓo wadda ta fi damun mutane ba. Gaskiya ne in ka fara shan maganin nan shi ke nan har ƙarshen rayuwa? Tsoron nan ne yake hana da yawa farawa tun farko.

Likitan_Jekadafari:
Hajiya, ba maganin ne ke kama mutum ba, ciwon ne ba ya tafiya. 128/82 ɗin da Malam ya ambata awo ne na wanda magani ke cikin jininsa. Kamar madatsar Dadin Kowa ne: ganin ƙasa a bushe a bayanta ba ya nufin kogin ya ƙafe. Abin da ke yaudarar mutane da amlodipine shi ne daɗewarsa. Mutum ya daina yau, ya auna gobe da jibi ya ga lafiya lau, sai ya ce ashe dama ƙarya ce. Sai bayan mako ɗaya ko biyu jinin ya koma inda yake, a lokacin ya daina aunawa.

Nas_Bajoga:
Ranka ya daɗe Likita, a nan ina da ɗan ja. Kada mu rufe ƙofar gaba ɗaya, domin akwai waɗanda ake rage musu, har a tsayar. Wanda hawan nasa dama bai yi tsanani ba, ƙwaya ɗaya yake sha ƙarama, ya rage ƙiba, ya rage gishiri, awonsa ya yi shekara a daidai, ba shi da suga ko ciwon ƙoda, bai taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ba. Irin wannan ana iya gwadawa a hankali, ana aunawa. A ƙiyasi, kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya zubar yana sauke lambar sama da kusan ɗaya. Haka wanda wani magani ne ya tayar masa da jinin, in an cire sanadin yana iya sauka.

Likitan_Jekadafari:
Na yarda, Sista. Sai dai a ƙara da cewa da yawa daga cikinsu jinin yana dawowa cikin watanni, don haka ko an tsayar ba a sallami mutum ba. Kuma wanda sai da aka kai shi 10mg kafin ya daidaita, kamar na tambayar farko, ba ya cikin wannan layin.

Baban_Sadiq:
Ni abin da ban gane ba, wasu sai kansu ya yi ciwo ko ƙeya ta riƙe sannan su sha. Hakan yana yi?

Nas_Bajoga:
Ba ya yi, Baba. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai, ko da awo ya kai 170. Ciwon kai ba ma'auni ba ne. Amlodipine kuma sai ya yi kamar kwana bakwai zuwa takwas ana shansa a jere kafin ya zauna a jini sosai, don haka ƙwaya ɗaya ranar da kai ya sara ba ta tsinana komai. Wani abin ma, shi kansa maganin yana iya sa ciwon kai da jin zafi a fuska a makon farko, sai ya wuce.

In an manta: idan ba a wuce awa 12 daga lokacin da aka saba ba, a sha. In an wuce, a bari sai gobe. Ba a haɗa biyu don ramuwa.

Famasis_Pantami:
Tunda an ambaci losartan da lisinopril, a san halinsu kafin a ruga wurinsu.

Lisinopril, enalapril, ramipril, perindopril, duk masu ƙarewa da "pril" gida ɗaya ne. Matsalarsu da aka fi gani ita ce busasshen tari mai ƙaiƙayi a maƙogwaro, ba majina, ba zazzaɓi, ya fi damu da dare. Mutum sai ya shanye kwalabe na maganin tari, wani har a yi masa gwajin tarin fuka, alhali ƙwayar ce. Ba ya jin maganin tari. Ana canzawa ne zuwa masu ƙarewa da "sartan", wato losartan, valsartan, telmisartan, kuma tarin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa huɗu kafin ya lafa, wani lokacin fiye.

Mai haɗarin ita ce kumburin leɓe, harshe ko maƙogwaro ba tare da ƙaiƙayi ba. Ta fi samun baƙar fata, kuma tana iya zuwa ko bayan shekaru ana shan maganin lafiya. Wannan ba ta jiran safiya. A daina, a tafi sashen gaggawa, kuma kada a sake shan ɗan wannan gidan har abada.

Ba a haɗa "pril" da "sartan" a sha tare. Wannan kuskuren yana faruwa ne idan an canza wa mutum magani, ya koma gida ya ci gaba da tsohon saboda kada kuɗinsa ya tafi a banza.

Ɗan_Lab_Tudunwada:
Kuma a yi gwaji. Kafin fara "pril" ko "sartan" a duba kiriyatinin (ma'aunin aikin ƙoda) da sinadarin fotasiyam a jini, a sake bayan mako ɗaya zuwa biyu, haka duk lokacin da aka ƙara yawansa. Kiriyatinin ya ɗan tashi ba abin tashin hankali ba ne, amma in ya haura kashi 30 cikin 100 na yadda yake, ko fotasiyam ya kai 5.5 ko sama, a koma wurin likita kafin a sha na gaba. A haɗa da gwajin fitsari don ganin ko furotin na zuba. Mai suga da furotin ke zuba a fitsarinsa, waɗannan magungunan ne suka fi kare masa ƙoda, ko da kuwa baƙar fata ne.

Ungozoma_Deba:
Don Allah a ja layi a ƙarƙashin wannan: mai ciki ba ta shan lisinopril, ba ta shan losartan, ko wani ɗan gidajensu. Suna lalata ƙodar jariri, ruwan mahaifa ya ƙafe. Tsanin nan da Malam Famasis ya kawo yana da kyau, amma matakinsa na biyu bai dace da macen da ke iya ɗaukar ciki kowane lokaci ba, sai in tana kan tsarin iyali mai inganci. Wadda take sha ta ga batan wata, ta zo a canza mata a ranar, ba sai ranar awo ba.

Na masu ciki su ne methyldopa, wanda aka fi sani da Aldomet, ana farawa da 250mg sau biyu ko uku a rana. Labetalol daga 100mg sau biyu, ban da mai asma. Sai nifedipine mai aiki a hankali. Awo 140/90 a ciki abin dubawa ne. 160/110 kuwa, ko ciwon kai mai tsanani, ganin walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu, asibiti ne nan take, domin ƙofar jijjiga ke nan. Allurar magnesium da ake yi ta hana jijjiga ce, ba ita ke saukar da jini ba, akan haɗa da hydralazine ko labetalol.

Maman_Iman_Kumo:
Anti Ungozoma, bayan haihuwa fa? Mutane sun ɗauka da an sauka lafiya shi ke nan.

Ungozoma_Deba:
Nan ne ake yin asara, 'yar uwa. Jini yakan fi tashi tsakanin kwana uku zuwa shida bayan haihuwa, daidai lokacin da aka koma gida ana shirin suna. Jijjiga tana iya zuwa a lokacin. A auna a waɗannan kwanakin. Ana cire Aldomet bayan haihuwa saboda yana ƙara kasala da damuwar jego, a koma nifedipine ko amlodipine, kuma ana shayarwa da su.

Sai kunun kanwa. Kanwa sodiyam ce cike, irin wanda ke cikin gishiri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mai jegon da ta yi hawan jini a ciki, a dama mata kunu ba kanwa, ko dangin miji za su yi magana.

Malam_Na_Kaltungo:
Ina so a dawo kan magungunan fitsari. Iyayenmu da yawa Moduretic aka san su da shi tun da can. Har yanzu yana da wuri?

Famasis_Pantami:
Yana da wuri, amma a duba kwalin. Ƙwaya ɗaya amiloride 5mg ne da hydrochlorothiazide 50mg. Hamsin ɗin nan ta yi yawa. Yanzu 12.5 zuwa 25mg ake bayarwa, domin daga nan zuwa sama jinin ba ya ƙara sauka sosai, illa ce kawai ke ƙaruwa. Shi ya sa ake rubuta rabin ƙwaya. Tsohuwa mai ƙaramin jiki da ke shan ƙwaya guda a watan Afrilu, sai sodiyam ɗinta ya faɗi: kasala, tashin zuciya, ruɗewa, faɗuwa a banɗaki. 'Ya'ya su ce tsufa ne ko iska.

Wannan gidan yana kuma tayar da ciwon gawut, wanda ke kama babban yatsan ƙafa cikin dare da zafi kamar wuta, yana ɗan ɗaga suga. Mai gawut losartan ya fi masa, don yana rage sinadarin da ke haddasa ciwon. Magungunan fitsarin da safe ake shansu.

Likitan_Jekadafari:
Sai dai kada mu tsorata mutane da su. A ƙaramin awo magunguna ne masu kyau da araha, kuma suna aiki sosai a jikinmu, musamman da irin cin gishirinmu. Indapamide 1.5mg ko chlorthalidone 12.5mg sun fi hydrochlorothiazide daɗewa a jiki in an samu. Lasix kuwa ba maganin hawan jini na yau da kullum ba ne. Aikinsa awa shida ne, ana ajiye shi ne don ciwon zuciya ko ƙodar da ta yi rauni.

Alaramma_Herwagana:
Allah ya saka da alheri. Azumi fa? Wanda ke shan na safe ya zai yi?

Nas_Bajoga:
Allah ya gafarta Malam, masu sau ɗaya a rana ba su da wahala. A zaɓi sahur ko buɗa-baki a tsaya a kai har sallah. Wani babban bincike a Birtaniya da aka buga a 2022, mai mutum sama da 21,000, bai ga bambanci tsakanin masu sha da safe da masu sha da dare ba ta fuskar bugun zuciya da shanyewar jiki. Masu sau biyu, ɗaya a sahur ɗaya a buɗa-baki. Masu sau uku su ga likita tun cikin Sha'aban a canza musu. Na fitsarin ne abin lura: a mayar da shi buɗa-baki, kada a sha da sahur a wuni ana zubar da ruwa ba halin mayarwa.

Baban_Sadiq:
Amma Sista in an sha da magariba ai tarawihi da barci sun shiga uku, ga dattijo yana tashi cikin duhu zuwa bayi.

Nas_Bajoga:
Gaskiyarka, Baba, shi ya sa ba kowa ake yi wa hukunci ɗaya ba. A 12.5mg fitsarin ba ya yawa bayan makonnin farko. Wasu likitocin sukan rage shi ko su ɗage shi na watan in azumin ya faɗo cikin tsananin zafi, su riƙe da sauran. Alamar da za a kula da ita: jiri in an miƙe, ko lambar sama ta sauka ƙasa da 100 da la'asar.

Haka in gudawa da amai suka kama mutum: a dakatar da "pril", "sartan" da na fitsari, a sha ruwan gishiri da suga, sai an yi kwana ɗaya zuwa biyu ana ci ana sha daidai sannan a koma. Shansu a kan bushewar jiki na iya tsayar da ƙoda.

Famasis_Pantami:
Bari in kawo abin da ya fi ɓata mana aiki. Kafin a ce magani ba ya yi, a zazzage ledar gaba ɗaya a kan tebur.

Diclofenac, ibuprofen, piroxicam da gaurayen "maganin gajiya" da ake ƙullawa a leda suna riƙe gishiri da ruwa, suna tayar da jini. In suka haɗu da lisinopril ko losartan da maganin fitsari, su ukun tare, ƙoda ce ke biyan bashin. Mai ciwon gwiwa ya fara da paracetamol da na shafawa.

Maganin mura mai buɗe hanci, wanda ke da pseudoephedrine ko phenylephrine. Dexamethasone da prednisolone da 'yan mata ke sha don ƙiba, da man bilicin masu irin wannan sinadarin. Ƙwayar tsarin iyali mai sinadari biyu; mai hawan jini akan mayar da ita kan wata hanyar. Septrin tare da losartan, lisinopril ko spironolactone (wani maganin fitsari ne) yana iya ɗaga fotasiyam zuwa matakin haɗari. Rifampicin da ke cikin maganin tarin fuka yana cinye ƙarfin amlodipine da nifedipine, sai a ga awo ya tashi ba dalili. Mai shan simvastatin tare da amlodipine kada ya wuce 20mg.

Sannan akwai waɗanda ba na hawan jini ba ne sam amma ana ɗaukarsu haka. Vasoprin asfirin ne 75mg, ba ya saukar da jini, kuma shansa a kan jinin da bai daidaita ba yana ƙara haɗarin zubar jini. Lexotan na barci ne, kuma yana kama mutum.

Hajiyar_Zoɓo:
To zoɓo da tafarnuwa da zogale fa? Ko su ma za ku kushe?

Likitan_Jekadafari:
Ba za mu kushe ba, Hajiya. Zoɓo an gwada shi, yana ɗan saukar da jini, in ba a cika masa suga ba. Amma ba wanda zai iya gaya miki ƙarfin kofin yau daidai yake da na gobe, kuma ba zai riƙe mai 170/105 ba. A sha shi a matsayin abin sha, ƙwaya tana nan a wurinta. Abin da ya fi zoɓo tasiri yana cikin tukunya: gishirin yini gaba ɗaya kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule, yajin tsire, kilishi, burodi da taliyar yara. Gishirin da ake sayarwa a matsayin "na masu hawan jini" kuma fotasiyam ne a ciki, mai ciwon ƙoda ko mai shan losartan ko spironolactone ya tambaya kafin ya saya.

Malam_Na_Kaltungo:
Akwai maganar da maza ba sa faɗa a gaban nas, sai dai su daina shan magani shiru. Likita ka gane.

Likitan_Jekadafari:
Na gane, Malam, kuma gara a faɗa. Waɗanda aka fi zargi da rage ƙarfin namiji su ne atenolol da propranolol, magungunan fitsari a babban awo, da Aldomet. Spironolactone kuma yana iya sa nonon namiji ya kumbura ya yi ciwo. Amlodipine da losartan ba su cika yin haka ba. Amma shi kansa hawan jinin da suga suna lalata jijiyoyin wurin, don haka wanda ya ajiye magani saboda wannan ya ƙara wa kansa ne. A faɗa wa likita a canza.

Gargaɗi biyu. Atenolol, bisoprolol, propranolol ba a yanke su rana ɗaya. Zuciya za ta ɗauki gudu, mai ciwon zuciya yana iya samun bugu. Ana ragewa ne cikin mako ɗaya zuwa biyu. Su dama yanzu ba su ne na farko ba sai in akwai dalilin zuciya, kuma ba a ba mai asma. Na biyu, sildenafil, maganin ƙarfin maza, ba ya haɗuwa da magungunan ciwon ƙirji irin su isosorbide da na ƙarƙashin harshe, jini zai faɗi warwas. Mai shan doxazosin ko tamsulosin don fitsarin tsufa ma sai da shawara.

Ɗan_Bolari:
Na ƙaru matuƙa. Amma in dawo da ku baya kaɗan: 128/82 ɗin nan ya isa, ko sai an kai 120/80?

Nas_Bajoga:
Ga yawancin mutane ƙasa da 140/90 a asibiti ake nema, a gida ƙasa da 135/85. Ya isa.

Likitan_Jekadafari:
Ni zan ce ya danganta. Mai suga, mai ciwon ƙoda, wanda ya taɓa samun shanyewar jiki ko ciwon zuciya, ana so lambar sama ta sauka ƙasa da 130 in jiki ya ɗauka. Ɗan shekara 80 mai jiri kuwa ba a matsa masa, karyewar ƙugu ba ta fi hawan jini sauƙi ba. A auna shi a zaune, a sake bayan ya yi minti ɗaya a tsaye. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, maganin ya yi masa yawa.

Ɗan_Lab_Tudunwada:
Duk wannan in awon daidai ne. A zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, damtse a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Ba goro, ba shayi mai ƙarfi, ba taba na minti 30 kafin nan, kuma a yi fitsari tukuna. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe kafin shan magani da kuma dare, kwana bakwai, a rubuta a littafi. Maɗaurin da ke zuwa da yawancin na'urori na damtse mai santimita 22 zuwa 32 ne. Mai kaurin hannu in aka matsa masa ƙarami, lambar za ta fito sama da gaskiya, a yi ta ƙara masa magani a banza. A nemi babba. Na damtse ya fi na wuyan hannu, kuma batir mai rauni yana ba da shirme.

Ungozoma_Deba:
Kuma in na'ura ta nuna 190/115 mutum yana zaune lafiya, kada a fasa nifedipine a zuba masa ƙarƙashin harshe. An daina wannan tuntuni. Jini ya faɗo lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa ta rasa jini. Nifedipine mai 20mg ko 30mg da aka yi don ya narke a hankali ba a tauna shi, ba a daka shi.

Likitan_Jekadafari:
Haka ne. In ba wata alama, a huta, a sake aunawa bayan minti 15 zuwa 30, a ga likita a ranar. In kuwa 180/120 ne ko sama tare da ciwon ƙirji, haki, ruɗewa, dishi-dishin gani, karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu, a ɗauke shi zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru, na Bauchi kuma asibitin koyarwa na ATBUTH ko na Azare. Kada a ɗura masa komai a baki, kada a ba shi asfirin, domin sai an yi hoton kai ake sanin toshewa ce ko fashewa. A riƙe lokacin da abin ya fara, a tafi da ledar magungunansa.

Famasis_Pantami:
Ƙaramin abu kan saye da ajiya. A riƙe sunan sinadarin da yawansa, ba launin kwali ba, domin amlodipine ɗaya yana zuwa da sunayen kamfanoni barkatai, har mutum ya sha biyu yana zaton daban ne. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar. Kada a bar magani a aljihun mota ko kan taga, yawancinsu ƙasa da digiri 30 ake so, kuma a bar ƙwaya cikin katinta sai za a sha. Wanda kuɗi ke sa shi tsallake kwanaki ya faɗa wa likita a fili, akwai haɗi mai araha, sannan ya bincika rajistar GoHealth, inshorar lafiya ta jihar Gombe, ko inshorar wurin aikinsa. Ƙwaya ɗaya mai haɗe da magani biyu ta fi sauƙin tunawa, in aljihu ya kai.

Maman_Iman_Kumo:
Wani abu da ba a ambata ba: dasashi yana kumbura ya hau kan haƙori ga wasu masu shan amlodipine. Shi ma rage shi ake yi kamar na ƙafa?

Famasis_Pantami:
Yana faruwa, Hajiya, nifedipine ma ya fi yi. Wanke baki da kyau da zuwa a kankare dattin haƙori yana ragewa. Amma wannan ƙara losartan ba ya gyara shi kamar na ƙafa. In ya yi yawa sai an bar gidan gaba ɗaya, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya koma.

Ɗan_Bolari:
To in an mayar da shi 5mg an ƙara losartan, kumburin ƙafar bai tafi ba fa? Kuma in macen tana shekarun haihuwa, tunda Anti Ungozoma ta hana losartan, me ya rage?

Nas_Bajoga:
A ba shi mako uku zuwa huɗu tukuna, ana ɗaga ƙafa in an zauna. In ya ƙi, akwai lercanidipine, ɗan gidansu ne amma bai kai shi kumburi ba, sai dai tsada da wuyar samu. Ko a cire shi a haɗa losartan da maganin fitsari. Ta biyun kuwa sai an san ko tana neman ciki yanzu ko tana tazara, kuma da wace hanya. Malam, shekarunta nawa, kuma tana shayarwa?